Babi na Shida: Raƙumin Dawa Ya Koma Gadabeji

A watan Nuwamba na shekarar 2018, mutanen ƙauyukan da ke bakin babban titin Nijar suka ga abin da ko kakanninsu ba su taɓa gani ba. Babbar mota ce tana tafiya sannu a hankali, dogayen wuyoyi sun leƙo ta samanta, kawuna suna ta waige-waige. Raƙuman dawa ne aka ɗauko daga yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, za a kai su gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi. Tafiyar ta haura kilomita 800, ta ci kusan kwana biyu, don direban da ya ɗauko dabba mai dogayen ƙafafu tana tsaye ba ya taka birki yadda ya ga dama, kuma duk wayar lantarkin da ta gitta titi sai an lura da ita. Sawu biyu aka yi, huɗu-huɗu. Ranar da suka taka yashin Gadabeji, rabon wannan daji da sawun raƙumin dawa ya kusa shekara 50.

Mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi, a jihar Katsina, ya fi kowa cancantar jin wannan labari, domin a bayan gidansa abin ya faru. In ya yi sammako ya kama titin Katsina, ya wuce Jibiya, ya tsallaka iyaka a Magama ya bi ta Ɗan Isa, a Maraɗi zai yi sallar azahar idan hanya ta yi kyau. Daga nan sai Dakoro, sai kuma hanyar yashi zuwa Gadabeji. Duk tsawon tafiyar da Hausa zai yi ciniki, da ita zai tambayi hanya. Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, kuma har gobe hakimin Kurfi sarautar Maraɗin Katsina yake riƙe da ita. Duk da wannan kusanci, matasanmu da yawa sun fi sanin Serengeti ta Tanzaniya, wadda suke gani a talabijin, fiye da dajin da ke tafiyar yini ɗaya ko biyu daga ƙofar gidansu.

Tsakiyar ƙasar Katsina ta san namun daji. Labarin baka na Dutsin-Ma yana cewa wani maharbi ne ya fara zama a kan dutsen da garin ya kewaye, kuma maharbi ba ya yada zango inda babu nama. Yamma da garin, bayan Safana da Runka, dajin Rugu ya miƙe har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, ya kusanci iyakar Nijar. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe sashen Ruma da Kukar Jangarai ya zama makiyaya ta musamman, aka haƙa wa shanu tafkuna da taimakon Amurka. Har cikin shekarun 1980 da farkon 1990 akwai garken giwaye da ke kai-komo tsakanin dazuzzukan wannan yanki da dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Yau babu su. Gonaki sun ci daji, gatari da buhun gawayi sun ci itatuwa, bindiga ta maye gurbin kwari da baka, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Yaron da ke aji shida a Kurfi ya san giwa da zaki da kura a tatsuniya da littafin makaranta. In ya yi sa'a, an taɓa kai ajinsu gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano, ya gan su ta bayan ƙarfe.

Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya kusa bin wannan hanya. Da can ana samunsa tun daga Senegal har Tafkin Chadi, kuma wanda masana suka fara bayyana jinsin da shi a 1898 daga wajen Lakwaja aka samo shi, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ya fi danginsa na gabashi da kudancin Afirka hasken fata, zanensa ja-ja ne mai fari a tsakani, ƙafafunsa kuwa kusan farare. Ƙasa bayan ƙasa ya ƙare: Najeriya, Senegal, Mali. Zuwa 1996 guda 49 suka rage a duk duniya, dukkansu a yankin Kure. A wannan shekarar ma an yi yunƙurin kama wasu don a yi kyauta da su ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama suka mutu a wajen kamun.

Abin mamaki a Kure shi ne babu shinge, babu ƙofar shiga. Gonakin Zabarmawa ne da makiyayar Fulani, raƙuman dawa suna ratsa su yadda suka so. Da damina suna kan tudu suna cin geza da ƙayoyi, da rani su gangara kwarin Dallol Boso inda gawo yake. Kuma ba baƙi ne masu kunya ba: suna cin waken da manomi ya shanya a kan rumfa, suna tsinke mangwaron lambu. Mutumin da bai tara hatsin da zai kai shi wata damina ba, in dabba mai nama kusan tan guda ta shigo gonarsa ta yi ɓarna, ba sai an faɗi abin da zuciyarsa za ta raya masa ba.

Gwamnatin Nijar ta haramta kashe raƙumin dawa, da hukuncin ɗauri, amma doka kaɗai ba ta hana mai yunwa. Abin da ya riƙe dokar shi ne aikin da aka yi da mutanen ƙauyuka. Ƙungiyar kare raƙumin dawa ta Nijar, ASGN, da abokan aikinta suka shiga haƙa rijiyoyi, da ba mata ƙananan rance na sana'a, da taimakon noma, kuma kowa ya san albarkacin wa ake yi. Matasan yankin suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora, kuɗin da masu ziyara ke biya ya zama abin cefane. Sannu a hankali dabbar da ake kallo a matsayin nama ko mai ɓarna ta zama mai kawo alheri. Kafin 2018 yawansu ya haura 600, har hukumar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sassauta matsayin haɗarin da ta sa su a ciki tun 2008.

Sai nasarar ta zo da nata tsoron. Dukkan jinsin yana wuri guda, gonaki suna ƙaruwa, motoci suna banke su a titin Yamai zuwa Dosso, kuma annoba ɗaya ta isa ta share aikin shekara ashirin. Wannan ya sa ma'aikatar muhalli ta Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, suka yanke shawarar kafa garke na biyu a wani wuri mai nisa.

Kamun raƙumin dawa aiki ne na mintoci ƙalilan, kuma kowane minti yana iya zama ajalinsa. Likitan dabbobi yana harba masa allurar barci mai ƙarfi. Kafin ta gama kama shi, majiya ƙarfi sun sha gabansa da igiya, su harɗe masa ƙafafu ya kwanta. Nan take sai a yi masa allurar da ke karya ta farko, domin dabbar da zuciyarta ke tura jini sama tsawon wuya kusan mita biyu ba ta jure doguwar suma. Daga nan idonsa biyu, ƙarfin mutane ne kawai ke riƙe da shi. Wasu su danne wuyan, wani ya rufe masa idanu da ƙyalle, a toshe kunnuwa, a ɗaura ragama da igiyoyi. Sannan a bar shi ya miƙe da kansa, a ja shi yana tangaɗi ya shiga tirela, kowa yana kaffa-kaffa da ƙafarsa, don shurin raƙumin dawa yana kashe zaki. Matasa ake zaɓa, waɗanda ba su gama tsawo ba. Na 2018 sai da suka yi kusan mako uku a wani shinge na itace, suka saba da mutane da ƙarar mota, kafin a ɗora su a hanya.

Gadabeji tsohon gandu ne. Tun 1955, zamanin mulkin Faransa, aka keɓe hekta 76,000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi, haɗe da ƙasar da ke kewaye da shi, cikin wuraren da ake son mutum da halitta su rayu tare. Mai ziyara da ya zo da hoton dajin talabijin a kansa zai ɗan yi shiru da farko. Tuddan yashi ne masu ciyawa, da kwaruruka, da aduwa da ƙayoyi a warwatse. Da damina wurin kore shar, tafkuna sun cika. Da rani komai ya koma ruwan ƙasa. A gefen gandun za a ga Fulani da jajayen shanunsu masu manyan ƙahoni, da Buzaye bisa raƙuma. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandun daji, kuma shi ne zai tsayar da mota ya sauka ya duba ƙasa. Sawun raƙumin dawa faffaɗa ne, tsage biyu, ya fi na kowane bijimi, kashinsa kuwa ƙanana ne ƙwarai idan aka dubi girman mai shi. Barewa za ta tashi ta yi tsalle ta ɓace, dila ya gitta, tuje ya taka a hankali cikin ciyawa.

Sannan a hango raƙumin dawan. Yawanci kan ake fara gani, sama da itacen da ake zaton ba kowa a bayansa. Yana tsaye yana kallon mota, baki yana tuƙa. In ya natsu sai ya koma kiwo: ya zaro harshe baƙi-baƙi mai tsawon kusan rabin mita, ya naɗe reshen ƙaya, ya zage ganyen ya bar tsinin. In zai tafi, ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, kamar raƙumin gida. Mace tana ɗaukar ciki wata 15, tana tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa da tsawon da ya kai na babban mutum, kafin awa guda ya miƙe. Irin wannan haihuwa an same ta a Gadabeji bayan dawowarsu, kuma a 2022 aka ƙaro wasu huɗu daga Kure. Garke ne ƙarami har yanzu, amma garke ne da ke haihuwa a ƙasar kakanninsa.

Najeriya ma ta gwada nata. A 2006 gwamnatin jihar Bauchi ta karɓi kyautar namun daji kusan 300 daga Namibiya, aka zuba su a gandun Sumu: raƙuman dawa, jakunan dawa, da manyan barewoyi iri-iri. Wuri ne mai daɗin kai yara, kuma ya cancanci a kula da shi. Sai dai gaskiya ita ce jakin dawa bai taɓa zama ɗan ƙasar Hausa ba, raƙuman dawan Sumu kuma jinsin kudancin Afirka ne. An kawo baƙi ne, ba a mayar da ɗan gida ba. Aikin da ya fi kama da farfaɗowa yana Yankari, gandun da aka kafa a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. Yawancin masu zuwa ruwan ɗumi na Wikki ne ke jan su, amma dukiyar wurin ita ce garken giwayensa, ɗaya daga cikin mafiya girma da suka rage a ƙasar. Masu neman haure sun yi masa mummunar illa. Daga 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta haɗa hannu da gwamnatin jihar, aka horar da masu gadi, aka riƙa biyansu alawus na sintiri a kan kari, aka sa wa wasu giwaye na'urar bibiya a wuya, aka ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa ba da labari in garke ya nufi gonaki. Bayan watan Mayu na 2015 an shafe shekaru ba a ga gawar giwar da mafarauta suka kashe ba.

Duk wanda ya zauna a Dutsin-Ma ko Kurfi cikin shekaru goma da suka wuce zai ce: to, ana ta rai wa yake ta raƙumin dawa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da wasa. Sunan Rugu yau ba ya tuna wa kowa giwa. Yana tuna satar shanu, da ƙauyukan da aka tasa, da gonakin da aka bari ba shuka, da ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka kora cikin daji a watan Disamba na 2020. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, rashin tsaro ya raba shi da masu ziyara. Ita kanta Kure ba ta tsira ba: ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da jagoransu ɗan yankin, kuma daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora suka rasa abin yi.

Amma a duba yadda abin ya bi da bi. Kafin daji ya zama maɓoyar ɓarayi, sai da ya zama dajin da ba mai shi. Malaman daji suka ragu, ba babur ba kayan aiki, aka yanka gandu aka raba gonaki, burtali ya toshe, makiyayi ya rasa inda zai sa dabbarsa da wanda zai kai wa kuka. Ɓacewar namun daji alama ce ta farko cewa hukuma ta janye daga wurin, sauran kuma ya biyo baya. Inda aka mayar da ido a kan daji, mutane ma sun amfana. Gandun Zakuma na ƙasar Chadi yana da giwaye kusan 4,000 a 2002, mahaya dawakai masu neman haure suka mayar da su kimanin 450 zuwa 2010. A shekarar ne ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamar wurin. Ba a samu sauƙi nan take ba, don a 2012 an kashe masu gadi shida suna sallar asuba. Amma an raba wa ƙauyuka rediyon sadarwa, aka riƙa sintiri har da damina, kuma rediyon da ke ba da labarin maharba shi ne ke ba da labarin masu fashi. Giwayen da tsoro ya hana haihuwa suka koma haihuwa, garken ya sake haura 500.

Akwai kuma darasin da ba ya bukatar jirgi ko allurar barci, kuma daga Maraɗi ya fito. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa a gona kowace shekara kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi. Manoma suka kira shi sassaben zamani, suka koya wa juna, gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Gawon da ke ciyar da tumakin manomi shi ne ke riƙe da raƙuman dawan Kure duk rani. Manomin Kurfi ya san gawo, ya san kalgo da sabara da ke tsirowa a gonarsa, kuma ba ya bukatar izinin kowa kafin ya bar musu reshe.

Ba wanda zai ce a kawo giwa Safana a wannan hali, kuma wanda ya yi alkawarin haka yaudara yake yi. Abin da ke iya dawowa da wuri ƙanana ne: zabin daji, fakara, zomo, gada, barewa, da tsuntsayen ruwa a bakin madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano, da Baturiya a Jigawa, da Kogo a kudu maso yammacin jihar Katsina. Sa hannu a takarda shi ne mataki mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne masu gadi da ake biya a kan kari, da iyakar da aka shata tare da manoma da ardo-ardo, da rabon da ƙauyukan gefe za su gani a hannunsu.

Kafin duk wannan akwai ƙidaya. A Nijar, ma'aikata da masu jagora suna bin raƙuman dawa da kyamara, su ɗauki hoton kowanne ta dama da ta hagu, domin babu biyu da zanensu ya zo ɗaya. Kowane yana da lamba da shafinsa, an san uwarsa in an gan shi yana ƙarami, an san shekarar da aka daina ganinsa. Da irin wannan kundi aka san sun ragu zuwa 49, da shi kuma aka san sun haura 600. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen koyar da ilimin gandun daji da namun daji, kuma ɗalibanta 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne. Suna iya farawa daga inda ƙafa ke iya zuwa yau: kewayen Zobe, duwatsun Kurfi, kasuwannin da ake kawo naman daji da fatu. Su zauna da tsofaffin maharba, su ce, “Baba, wace shekara ka yi wa gwanki ganin ƙarshe, kuma a wane kwari?” Su rubuta amsar da sunan wurin, tun masu amsar suna raye.